Duwatsun da kakata ta jera: waiwaye kan tarihin Madawa, Buza da Keita

Bara da rani aka hana yayana mata. Sun daidaita da yarinyar, manya sun kai gaisuwa, har an fara maganar sa rana, sai wani kawunta ya ce a dakata tukuna a binciki asali. Bayan sati biyu aka maido mana da kayanmu, da saƙon cewa kakan kakanmu "na wasu ne". Ba a ƙara ko kalma ɗaya a kai ba, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake nufi. Yayana bai yi gardama da kowa ba. Kafin ruwan farko ya sauka ya ɗauki jakarsa ya shiga motar Agadas, yanzu haka yana Libiya yana aikin gini.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Ga ni ina karatu a Tawa, a jami'ar da aka raɗa wa sunan Djibo Hamani, malamin tarihin da ya rubuta littafi sukutum a kan Adar tun 1975, amma in aka tsare ni aka ce in faɗi ko mu su wane ne, sai dai in yi zuru. Don haka na shiga karanta abin da hannuna ya kai gare shi, da hutu kuma na koma ƙauyenmu a ƙasar Garhanga na zauna gaban kakata. Abin da na tsinta a wuraren nan biyu shi na kawo muku. Ni ba masanin tarihi ba ne, ɗalibi ne da aka taɓa wa gida.

Dutsi, kwari da fako

Sai an fara da ƙasar, don ita ta tsara zaman mutanen. Gundumomin nan uku na jihar Tawa, wato Madawa da Buza da Keita, su ne gabashin yankin da takardu ke kira Adar-Dutsi-Maggiya. A ƙidayar 2012 Madawa ta haura mutum 500,000, Buza ta haura 400,000, Keita kuma ta haura 300,000. Wanda ya bar babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram a Madawa ya yi arewa, ya bi ta Buza ya faɗa Keita ya ɓulla Tawa, to ya ratsa su duka ukun, kuma ƙugunsa zai gaya masa cewa ya hau dutsi.

Duwatsunmu ba masu tsini ba ne irin na hoton kalanda. Tudu ne mai faɗi, samansa a shimfiɗe kamar faifai, marmara da baƙar tsakuwa sun rufe shi, a wasu wuraren tsayinsa ya kai wajen mita 700 daga bakin teku. Ruwa ya daɗe yana yankan tudun nan har ya fitar da kwaruruka. Akwai kwarin Keita a arewa. Akwai Maggiya, wadda ta taso daga ƙasar Buza ta gangara wajen Ƙonni ta ƙare a tafkin Kalmalo cikin Najeriya. Akwai kuma kwarin Tarka mai faɗi da ya bi ta Madawa. Tsakanin gindin dutsi da cikin kwari kuwa sai fako, ƙasa mai tauri wadda ruwa ke gudu a kanta ba ya shiga.

Muna yara, in mun kai awaki gefen dutsi, mukan tsinci ƴan duwatsu masu siffar katantanwa mu yi dara da su. Sai a lakkwal mushe ya gaya mana halittun teku ne, wai shekaru miliyoyi da suka wuce duk wurin nan ƙarƙashin ruwa yake. Dariya muka yi masa, mu da ke tafiyar awa guda neman ruwan sha. Ashe gaskiya ya faɗa. Tekun nan ne ya bar farar ƙasa da farin dutsen nan mai ƙyalli da mutanen ƙauyuka ke tonowa ana kai wa masana'antar siminti ta Malbaza.

Ruwan sama kaɗan ne, a shekara mai kyau milimita 400 zuwa 500, kuma ba ya zuwa da hankali. In ya sauka bisa dutsi, cikin awa ɗaya ƙorama ta cika ta kwashe gona, gobe kuma ka ratsa ta ƙafarka ba ta jiƙa ba. Shi ya sa arzikin ƙasar nan a kwari yake. Can laka take, can rijiya ke ba da ruwa kusa, can ake dawa da auduga da albasa. Dutsi ba ya ciyar da mutum, amma yana ɓoye shi. Wanda ya riƙe wannan zai gane sauran labarin: a kwari ake ci, a dutsi ake tsira, kuma yawancin rigimar da aka yi shekaru aru-aru a kan wa zai riƙe kwari ne, wa kuma zai yi masa noma.

Waɗanda aka tarar da waɗanda suka tarar

Mutanen da kowa ya yarda an tarar da su a Adar su ne Azna: manoma, maharba da maƙera masu jin Hausa, masu bin al'adar kakanni. Dattawa na cewa na farkonsu a ramuka da kogunan dutsi suka zauna. Ba su da sarki guda a kansu. Kowane gungu yana da dattijonsa mai kula da ƙasa, shi ke buɗe daji, shi ke yanka kafin a yi shuka. Sunayen tsofaffin zuriyoyi irin su Tarimawa, Magorawa, Jibalawa da Kirarawa har yau ana jin su a ƙauyuka. Maƙeransu daga tamar dutsen nan suke narka ƙarfen hauya da mashi. Wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta daɗe cikin manoma da maƙeran Adar tana rubuta labarinsu daga bakinsu.

An yi zamanin da Adar ke ƙarƙashin sarakunan Kabi. A 1674 Agabba, ɗan sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya sauko daga Abzin da rundunarsa ya ƙwace ta daga hannun Kabawa. Shi kansa ya hau gadon Agadas bayan mahaifinsa, da aka tuɓe shi a 1721 ya dawo Adar ya zauna. Daga gare shi gidan Sarkin Adar ya samo tushe, gidan da daga baya ya kafu a Illela. Cikin Abzinawan da suka rako shi akwai Lissawan, waɗanda suka yi kaka-gida a yankin Keita, suna tsakanin sarki da talakawan duwatsu. Suka zauna, suka auri ƴan ƙasa, har Hausa ta zama harshen gidansu.

A ƙarshen ƙarni na 18 wani ayarin ya sake saukowa daga Abzin. Su ne Kel Geres, waɗanda rikici da Kel Owi ya fitar da su daga duwatsun arewa. Suka sauka a kudu, wajen Galma da Azarori cikin ƙasar Madawa ta yau, kowane ɓangare da tambarinsa. Masu raƙuma ne. Suna kwasar hatsin Adar su ratsa hamada zuwa Fachi da Bilma, su komo da gishiri da dabino su gangara da su kasuwannin Sakkwato da Kano. Amma wanda ke kan raƙumi wata da watanni ba shi zai riƙe hauya ba. Hatsin da ayari ke ɗauka, bayi da talakawan da ke biyan gaisuwa ne suka noma shi.

Ƙasar Madawa kuma yankin Gobir ce, ita ake kira Gobir Tudu, sarautar garin ma ta Gobirawa ce. Gobirawan su ma da bakinsu suke cewa daga Abzin kakanninsu suka fito. Fulani suna nan da shanunsu tsakanin kwari da tudu tun da daɗewa, har ma a Maratta, can wajen Galmi yamma da Madawa, aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Ga kuma fatake, musamman na Tamaske, waɗanda suka san hanyar Sakkwato da Kano kamar hanyar gonarsu.

Abin da na lura a nan shi ne, in ka cire Azna, kowa a ƙasar nan yana da ranar zuwa. Aznan ma da za a iya tambayar kakanninsu, ƙila su ce sun tarar da wasu. Sarki baƙo ne, tambari baƙo ne, malami baƙo ne. Amma ba a taɓa mayar wa ɗan sarki kayan aurensa don kakansa baƙo ne ba. Ashe abin da ake bincike in an ce asali ba ranar zuwa ba ne. Yadda aka zo ne: a kan raƙumi kana riƙe da akala, ko a bayan raƙumi an ɗaure ka da igiya.

Zamanin da kwari ya zama abin tsoro

Ƙarni na 19 bai zo wa Adar da sauƙi ba. Jihadin da aka fara a 1804 ya kai ga faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, kuma girgizar ta iso har duwatsunmu. Wani malamin Abzinawa, Muhammad Jelani, ya ɗaga tasa tutar a arewacin Adar, ya yi ƙarfi na wasu shekaru kafin Ibra ya karya shi. Gidan Sarkin Adar ya raunana. Zuwa rabin ƙarshe na ƙarnin, ƙasar ta kasu tsakanin ƙarfi biyu: Kel Geres a kudu, Iwillimmidan na Azawak a arewa. Talakan da ke tsakaninsu sai ya zaɓi wanda zai ba hatsi don ya kare shi daga ɗayan, wani lokaci ma ya ba duka biyun kuma bai tsira ba.

A lokacin ne garuruwa da yawa suka hau dutsi ko suka maƙale a gindinsa. Da rana a sauka kwari a yi noma, yaro na bisa dutsi yana tsaro, in ya hango ƙura ya yi kururuwa kowa ya bar hauya ya hau. Wanda ya hau duwatsun ƙasar Garhanga ko ta Buza yau yakan tarar da kufai: da'irar duwatsu inda ɗaki yake, ɓaraguzan tukwane, dutsen niƙa da ya lotsa. Mu muna yara ce mana ake yi gidajen iskoki ne, kada mu kusance su. Gidajen kakanninmu ne a shekarun tsoro.

Da na kai nan a karatuna sai na tambayi kakata kai tsaye. Tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago kai ba.

"Kai maigida, mi kake bida cikin tsohon zance?"

Na ce, "Inna, so nake in san abin da ya kori yayana."

Ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Abin da naj ji ga uwata, kakanmu yaro ne ƙarami, shina kiwon awaki anka ɗauke shi bisa raƙumi. Ba a san garinsu ba, shi kanshi ya mance. Abu guda yat tuna har ya mutu, wai ƙohwar gidansu akwai tsamiya. To in asali kake bida, tahi ka bidi tsamiyar nan."

Na kwana ina juya maganar. Yaron nan yana da uwa, yana da uba, yana da gari, yana da tsamiya. Yana jin Hausa, yana kiwo a gefen dutsi. Babu mamaki ma ɗan gidan Azna ne, wato jinin waɗanda kowa ya tarar. Bai rasa asali ba, sace masa shi aka yi rana tsaka. Yau jikan jikansa ake ce wa ba shi da asali, jikan wanda ya yi satar kuwa shi ke bincike. Kalmar Buzu ma haka ta samo nauyinta a wurinmu. A Najeriya duk mai rawani da takobi Buzu ne, amma a nan tsofaffi sun san tana nufin wanda aka mallaka ko aka ƴanta, shi ya sa ake faɗinta ƙasa-ƙasa.

Nasara da igiyar awonsa

Turawa sun raba ƙasar nan tun ba su gama ganinta ba. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka kafa tsinke a Sakkwato suka zana da'ira mai nisan mil 100, abin da ke ciki na Ingila. Wannan ya jefa kudancin yankinmu a rabon Ingilishi, ya bar Faransawa da hanyar arewa marar rijiyoyi in za su Damagaram, shi ya sa suka yi sansani a Tawa. A 1901 Kel Geres suka tare su, aka gwabza a Zangebe da Galma, bindiga ta rinjayi takobi. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara iyakar, Ƙonni da Madawa da Maradi suka tabbata a hannun Faransa. Da ba a yi gyaran nan ba, da wataƙila ɗan Madawa yau Turancin Ingila yake koya a makaranta, naira yake kashewa.

Faransawa suka yanka ƙasar kanton-kanton, kowane da sarkin da zai tara musu lanho da ma'aikata. A Keita, Lissawan da suka karɓe su tun da wuri su aka ba sarautar. Abu ɗaya da ya canja shi ne hari ya tsaya, mutane suka fara saukowa daga duwatsu suna kafa garuruwa kusa da gona da rijiya. A 1905 aka yi dokar hana cinikin bayi a ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma. Amma hannun da ya kwance igiya shi ya kawo aikin dole: fasa dutsi, gina hanya, ɗaukar kayan bariki. In aka ce kowane gari ya kawo mutum kaza, ba sai na gaya muku ƴaƴan wa ake fara turawa ba. Sai a 1946 aka soke aikin dolen. A tsakanin nan aka yi Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, wadda har yau tsofaffi ke auna kowace yunwa da ita.

Lanho da kuɗi ake biyansa, dutsi kuwa ba ya haifar kuɗi. Daga nan tafiya bida ta zama sana'ar gado. Da an kai hatsi rumbu sai maza su kama hanya: Sakkwato, Kano, Ikko, daga baya Abijan da Kamaru, yanzu kuma Libiya da Aljeriya. Ga wanda aka ce ba shi da asali, bida tana da wani daɗi na daban. A Kano ba wanda ya san kakanka, tebirin shayinka da amanarka kawai ake dubawa. Na gane yanzu cewa yayana tsohuwar hanya ya bi.

Shekarun da mata suka ɗauki dutsi

Bayan samun mulkin kai a 1960 jama'a ta ƙaru, aka sare dajin gefen duwatsu don gona da itacen wuta, ruwa kuma ya ja baya. Ƙasa ta tsiraita. Yunwar 1973 zuwa 1974 ta kashe dabbobi ba adadi, ta kuma taimaka wajen kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974. A 1975 ma'aikatan gandun daji tare da ƙungiyar CARE suka fara dasa dogon yaro layi bibbiyu a kwarin Maggiya cikin ƙasar Buza, don tare iskar da ke binne shuka. Wanda ya hango kwarin daga bisa dutsi yau zai ga layukan nan kore shar sun ratsa shi kamar zanen tabarma.

Sai 1984 ta zo. Damina ta ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyakarta a ƙarƙashin Janar Buhari, har mutane suka raɗa wa yunwar sunansa. A shekarar ne aka buɗe babban aikin nan na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da hannun hukumar FAO, da abincin hukumar PAM. Mu dai furoje muke ce masa. Tsarinsa shi ne a tare ruwa tun daga bisa: a haƙa ramuka a gefen dutsi a dasa itace a ciki, a jera ganuwar duwatsu a kan fako, a datse ƙoramu da baraji. Ladan yini kuma abinci ne. Cikin wajen shekara 20 an farfaɗo da fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Mafi yawan waɗanda suka yi aikin mata ne, don maza sun tafi bida.

Kakata na cikinsu. Ta ce, "Tun da assalatu muke hita, goyo ga baya, gammo ga kai. Mota ta zubda duwatsu, mu kwasa mu jera. Matan manyan gidaje da hwarko ba su hito ba, wai aikin bayi ne. Da yunwa tat tsananta sai ga su sun biyo mu, mu munka koya musu yadda ake naɗa gammo." Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce da hatsin furoje da mansa ta rayar da ƴaƴa biyar, mahaifina na cikinsu, kakana kuwa yana can bayan iyaka ba labari.

Ba komai ne ya dawwama ba. Wasu barajin sun cike da yashi, wasu ganuwar sun rushe ba mai gyara. Wata mai bincike, Benedetta Rossi, ta rubuta littafi a 2015 kan Adar, inda ta bi zaren da ya haɗa bauta da aikin dole da aikin agaji, tana tambayar su wa ke yin aikin a kowane zamani kuma nawa ake biyansu. Tambayar ta dace. Duk da haka, wanda ya san fakon Keita kafin 1984 ya san an yi aiki. Inda ko akuya ba ta tsayawa, yau akwai dakwara da bagaruwa da farar ƙaya, akwai hatsi.

A kudu kuma albasa ce ta canja rayuwa. A kwarin Tarka ruwa na kusa, injin ban-ruwa ya maye gurbin guga, albasar nan ja mai suna ta Galmi tana cika manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa. Wanda ya iya adana tasa a rudu har ta yi tsada ya gina gida. Sai dai ko a nan tsohuwar tambayar tana nan: wa ke da fadama, wa ke yi masa ƙwadago?

Gonar da ba ta da mai ita

Washegarin hirarmu kakata ta ce in raka ta gona. Tana dogara sanda muka hau har fakon da ke bayan gari. Ta nuna mini wata ganuwar duwatsu da ta kai gwiwa, ta miƙe tsawon gonar, ƙasa ta taru a bayanta har ta kusa binne ta. Ta ce ita da mata shida suka jera ta a rani na biyu na furoje. Kafin nan wurin hanyar jakai ne, ba wanda ya taɓa cewa nasa ne. Da aka gama aiki aka raba wa waɗanda suka yi shi, mu muka samu wannan yanki.

Shekara uku ana samun hatsi sai ga wani gida sun zo, suka ce tudun nan duka na kakansu ne, kakanmu ma a hannun kakansu ya tashi, to yaya bara zai gaji ƙasa? Aka zauna gaban manya. Aka yanke cewa mu ci gaba da noma, amma aro ne, ba gado ba. Har yau kowace kaka muna kai musu dami ɗaya na shaida. Kakata ba ta taɓa kai damin da hannunta ba, kuma ba ta taɓa hana a kai ba.

Doka tana nan a takarda. Tun 1993 ƙasarmu ke da kundin dokokin karkara, da kwamitocin ƙasa da ke iya ba manomi takardar shaidar gonarsa. A 2003 aka mayar da bauta laifi mai hukunci. A 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya a ƙarar da ta kai kan bautar da aka yi da ita a ƙasar Ƙonni, maƙwabciyarmu. Amma kotu ba ta zama a zauren da ake sa ranar aure, kuma tsohuwar da ba ta san harafi ba ba za ta je neman takarda a kan mutanen da take gaisawa da su kullum a bakin rijiya ba. Wannan aikin namu ne, mu da aka sayar da awaki aka sa mu lakkwal.

Ban kawo wannan don in tozarta gidan kowa ba. A ajinmu akwai jikokin tambari, akwai jikokin sarki, akwai jikokin Azna, kwano ɗaya muke ci, kuma ba ɗayanmu da ya zaɓi kakansa. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Duk wanda ya je hutu, ɗan Bangi ne ko ɗan Tama, ɗan Ibohaman ko ɗan Allakai, ya zauna gaban tsohuwar gidansu da alƙalami kafin ƙasa ta rufe ta. Ya tambaye ta inda aka fito, wa ya haƙa rijiyar gari, wa ya jera duwatsun bayan gari, ya rubuta da sunayensu. Jerin sarakuna muna da shi, an buga shi a littafi. Jerin waɗanda suka riƙe ƙasar nan da ka da hannu shi ne babu. Ranar da kuma aka zo neman ƙanwarka aka ce a binciki asali, kai mai karatu ka tambaya a gaban manya: asalin me, kuma wa ya rubuta shi?

Da muka juyo daga gona na tambayi kakata ko tana jin haushin damin nan. Ta tsaya ta huta a kan ganuwar, ta dafa wani dutse da tafin hannunta.

"Maigida, su suna da zance, ni ina da wanga. In an tashi shari'a gaban Allah, dutsi ya san kan da yad ɗauko shi."

Na kira yayana a waya daren nan na gaya masa labarin tsamiya, wanda shi ma bai taɓa ji ba. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya ce in gaya wa Inna kada a taɓa ganuwar, in ya dawo zai ƙara mata layi ɗaya daga sama, kuma zai shuka tsamiya a ƙofar gida.